Kunnen Tantabara

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya aiki, ya zaman birni? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke taɓa ni in gari ya yi sanyi. Maigidan yana gaishe ki, ya ce a tambaye ki ko keken ɗinkin kamfani ya bar miki sauran ido. 'Yarki Tantabara ta yi tsawo, rigar da kika aiko mata da ƙyar ta rufe gwiwa. Tana ci, tana wasa, alhamdulillahi.

Ban sani ba ko direban motar kaya ya ba ki labari. Yanzu ma'aikatan lafiya suna zuwa mana duk farkon wata a wata farar mota. A barandar makaranta suke kafa tebur, su rataye sikeli a reshen bishiya, su yi awon jini, su duba masu ciki, su yi wa jarirai allura. Suka ce suna son mace ɗaya a kowace unguwa da za ta riƙa bi gida-gida tana tara musu mutane. Kafin in buɗe baki matan unguwa sun nuna ni, wai ni ce ba na gajiya da surutu. An ba ni riga mai aljihu da igiyar awon hannun yara. Maigidan yanzu Likita yake kirana. In na ce ya rage gishiri sai ya ce, to, likitar da ko allura ba ta taɓa riƙewa ba.

Akwai maganar da nake son yi miki, kada ki tayar da hankalinki. Tantabara ba ta ji. Na daɗe ina lura, sai in yi ta kira in yi ta kira, tana can tana jera gwangwanayenta, ko waiwaye. Ranar da motar ta zo na tafi da ita. Babbarsu, wadda muke kira Sista, ta yi mata magana ta sake yi, yarinyar nan ko gezau. Sista ta dube ni, mutane na tsaye, ta ce, "Kin san yarinyar nan ba ta ji?" Na ce na sani. Ta ce ba abin da ake bari ya daɗe ba ne, tun yaro yana ƙarami ake tarar sa, kuma dole a sanar da uwarta. Ni ba zan yanke komai ni kaɗai ba, 'yarki ce. Ki rubuto mini abin da kika ga ya dace kafin su dawo.

Direba yana ta danna mini oda a bakin hanya, bari in tsaya nan.

Yayarki.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na gode. Ina lafiya, sai bayana da ke ƙagewa saboda zama. An kawo mana aikin kayan 'yan makaranta, daga safe har yamma ba a ɗaga kai daga keke. Ki gaida maigidan. Allah ya sawwaƙe miki gwiwa.

Na karanta maganar Tantabara a bakin famfo lokacin hutun rana, na kasa cin abinci. Yaya, yarinyar da ba ta cika shekara shida ba, marainiya, ita za a tsayar a gaban jama'a a ce ba ta ji? Ita Sistar awon jini aka aiko ta ko awon tarbiyya? Kuma ke kika amsa mata cewa kin sani. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ban ce ba ta da taurin kai ba. Ranar da zan taho, ina cikin mota na leƙo ta taga ina ƙwala mata kira, tana tsugune tana wasa da ƙasa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Har motar ta sha kwana ina kallon bayanta. Na san fushi take yi da ni, kuma ba na ganin laifinta. Yarinyar da ubanta ya rasu, uwarta ta sa ƙafa ta tafi, dole ta yi ɗan abin da za ta yi.

Na san zumuncinmu ba na kusa ba ne, kakata da kakarki ne ciki ɗaya. Duk da haka ke kika karɓe ta lokacin da na kusa suka yi gum, kuma ba zan manta ba har abada. In kin gaji ba laifi ba ne, da kin faɗa mini kai tsaye ba sai an bi ta bakin Sista ba. Na aika wa Baffanta mai gyaran babur, ƙanin marigayi, na ce in ya sami sarari ya zo ya ɗauke ta. Shi a gidansa yara ba sa wasa da magana. Wataƙila hannun namiji take buƙata.

An ce za a mayar da mu wani masauki kusa da kamfani, ban san yaushe ba tukuna.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya. Ina gama karanta takardarki na zauna rubuta miki wannan.

Kunne nake nufi, ƙanwata. Kunne! Ba rashin jin magana ba. Yarinyar nan sauti ne ba ya shiga kunnenta. Wayyo ni, gaggawar direba ta sa na rubuta miki magana rabi. Wace irin gajiya? Yarinyar da in na dawo daga zagayen gidaje take zuwa ta cire mini takalmi ta jera su a bakin ƙofa?

Bari in faɗa miki yadda aka yi, dalla-dalla. Sista ta zaunar da ita a benci, ta zagaya ta bayanta ta kaɗa makullan mota daf da kanta. Ba ta motsa ba. Ta tafa hannu da ƙarfi, sai ta ɗan juya ta dama kawai. Sannan ta haska mata wata 'yar fitila a ciki. Kunnen hagu yana fitar da ruwa mai wari. Ni ina ganinsa a kan matashi, ina share mata da auduga, na ɗauka irin na yara ne da ke zuwa ya wuce. Sista ta ce ciwo ne ya daɗe a ciki yana cin wurin. Ta ba mu maganin ɗigawa, ta ce kada ruwan wanka ya shiga, kuma kada in bari kowa ya zuba mata wani abu, don maƙwabciyata har ta zo da wani mai a kwalba. Ta ce akwai likitan kunne a babban asibiti, in uwar ta yarda za su zo da shi a motar ya duba ta tare da wasu yara.

Tun daga ranar na gane abubuwa da yawa. Bakin mutum take kallo. In kina gabanta ta ga leɓɓanki, za ta amsa miki tsaf, shi ya sa abin ya daɗe yana ɓoye mana. In kina bayanta kuwa, ko gidan ne ya rushe ba ta sani ba. Ranar da kika tafi ba fushi take yi ba. Da ta juyo ta ga babu mota, wuni ta yi a bakin hanya, da ƙyar na janyo ta gida.

Don Allah ki aika wa Baffa kada ya zo. Kin san gidansa, bulala a rataye take a bayan ƙofa. Yarinyar da ba ta jin kira, a kai ta gidan da ake dukan wanda bai amsa kira ba? Ki rubuto da wuri, ki ce kin yarda likita ya gan ta.

Yayarki.

*

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya aiki? Nan ruwa ya sauka sosai, kowa yana gona. Gwiwata da sauƙi. Shirunki ne ba sauƙi. Direban da muka saba da shi an sauya masa hanya, sabon wani matashi ne, ya rantse mini ya miƙa takardar a gidan da kike. To ko fushi kike yi har yanzu? Ko ba ki da lafiya? Duk motar da ta tsaya sai na fita.

Baffa ya zo. Ina tsakar gida ina ɗiga mata magani sai na ji tsayuwar babur. Ko zama bai yi ba, ya ce, "A haɗa mata kayanta, uwarta ce ta aiko ni."

Na ce, "Na sani, amma ba ta fahimci saƙona ba ne. Yarinyar nan kunnenta ne ba lafiya."

Ya ce, "Duk yaron da ya gagari mata sai a ce kunne ne."

Na ce ya gwada da kansa. Ya tsaya a bayanta ya kira ta da wannan muryar tasa, kaji suka watse, jaririn maƙwabta ya farka, ita kuwa tana ta ɗaure wa 'yar tsanarta zane. Na ga fuskarsa ta ɗan canza. Amma kin san shi, sai ya ce taurin kai ne irin na ubanta, a mako guda zai gyara ta. Ya miƙa hannu zai kama ta, na shiga tsakani. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke wace ce a wurinta?"

Na janyo ta bayana, ƙanwata. Na dai ce ba za ta fita gidan nan ba sai na ji daga bakin uwarta karo na biyu. Ya ce zai dawo da manya, ya ga wanda zai hana shi 'yar ɗan'uwansa. Da ya tafi maigidan ya zaunar da ni ya ce in yi hankali, jininsu ce, kuma takardar uwarta tana hannun Baffa, ni ba ni da komai sai rigar aljihu. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Ruwan kunnen ya ragu kwana biyu, yanzu kuma ya dawo. Tana yawan dafa wurin. Na tambayi Sista da suka zo, ta ce ba za ta sa sunanta cikin waɗanda likita zai gani ba sai da yardar uwa ko wani nata na jini. Ki yi mini magana, ko da zagi ne.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina nan da rai.

Baffa ya aiko mini cewa kin tare ƙofa kin hana shi yarinya, kin ce ba ta da lafiya, kuma ya ga auduga a kunnenta. Ke kuma tun wancan saƙon ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba. Me ya sami 'yata? Faɗuwa ta yi? Wani ne ya mare ta? Me ake ɓoye mini? Jiya allurar keke ta huda mini yatsa saboda hankalina ba ya wurin, shugabar sashenmu ta yi mini faɗa a gaban kowa.

Mun koma sabon masaukin, a bayan kamfani yake, bene mai koren ƙofa. In an kawo takarda a ba maigadi. In wani abu ne ya faru ki faɗa mini yadda yake, ni uwa ce, zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne shirun nan.

Ƙanwarki.

*

Yayata,

Ki gafarce ni. Na san ya kamata in fara da gaisuwa, amma hannuna ya ƙi. Ina fatan ku duka kuna lafiya.

Yau na je tsohon gidan ɗauko bokitina da na manta, sai matar gidan ta ce, af, ga wasu takardu nan naki, ta ɗaga faranti ta zaro su. Guda biyu, duk naki. A tsaye na karanta su a soro. Da na zo wurin da kika ce ta wuni a bakin hanya, na zauna a dakali ina kuka, sai da matar ta kawo mini ruwa. Duk watannin nan ina kwana ina tashi da cewa 'yata ta juya mini baya. Ashe ba ta ma san ina kiranta ba.

Na yarda, Yaya. Na yarda likita ya gan ta, ya yi duk abin da ya ga ya dace. Ki nuna wa Sista wannan takardar, ga sa hannuna a ƙasa. Ki ba ta haƙuri a kan abin da na faɗa, ko da yake ba ta ji ba. Na rubuta wa Baffa na ce ya dakata, ban san ko saƙon zai riga shi ba. In ya sake tambayarki ke wace ce, ki ce ni na ce ke uwarta ce.

Na nemi izinin tafiya, shugabar sashe ta ce babu mai motsawa sai an gama kayan makaranta, wadda ta tafi kuma kada ta dawo. Ki faɗa mini gaskiya, in taho in bar aikin? Ruwan kunnen yana nan? Tana kuka da shi? Tana cin abinci?

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta. Tana da rai, tana hannun likitoci, daga babban asibiti nake rubuto miki, a kan bencin baranda.

Takardarki ta iso, na adana ta ina jiran farar mota. Motar ba ta zo ba. Rafi ya cika ya shafe hanya, muka yi ta zaman jira a makaranta da masu ciki har rana ta yi tsaka, kowa ya watse. Washegari Tantabara ta tashi da zazzaɓi, jiki kamar garwashi. Da na duba sai na ga bayan kunnen hagu ya kumbura ya yi ja, har kunnen ya turo gaba. Nan take na gane, don a cikin abubuwan da Sista ta koya mana akwai wannan. Ta ce in kun ga kumburi a bayan kunne da zazzaɓi, kada ku jira mu, kada ku jira kowa.

To da me zan tafi? Babu motar da ke ƙetare rafi. Ina tsaye da ita a kafaɗa ina juyi a tsakar gida sai ga Baffa, da wani dattijo a bayan babur, sun zo ɗaukarta. Saƙonki bai same shi ba. Na ce shi ke nan, yau abu biyu sun haɗu mini. Ban yi masa gardama ba, na juya masa bayan kunnenta kawai. Ya sa bayan hannunsa a goshinta. Sannan ya ce da dattijon, "Baba, sauka, ka jira ni a nan." Ya dube ni ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Ta hanyar tudu muka zagaya, mai nisa, duk taɓo. Na ɗaure ta a tsakaninmu da zane. Mutumin da kowa ya sani da gudu, ƙanwata, tafiya yake kamar yana ɗauke da ƙwai. Inda taɓo ya yi yawa ya sauka ya tura mu, takalminsa ɗaya ya maƙale a can, da ƙafa ɗaya babu takalmi ya shiga asibiti.

Muka yi sa'a Sista tana bakin aiki a asibitin. Tana ganinmu ta karɓe ta ta wuce da ita ciki. Likitan kunne ya ce mugunya ce ta taru a ƙashin bayan kunne, sai an yi tiyata an fitar, kuma da mun ƙara jinkiri da ta haura kai. Na nuna takardarki, Baffa ma ya sa hannu. Yanzu suna ba ta magani ta jijiya, gobe da safe za su shiga da ita. Na tambaye shi ko za ta ji bayan an yi, ya ce mu fara tsirar da yarinyar tukuna.

Kada ki bar aikinki yau, ko kin taho ba za ki riski tiyatar ba. Ki yi mata addu'a. Wani ma'aikacin asibiti da zai shiga birni ne zai kawo miki wannan hannu da hannu.

Yayarki.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yatsan? Ɗan saƙonki ya same ni, na ji an kusa gama kayan kuma an ba ki izini. Alhamdulillahi. Mu ma da sauƙi sosai.

An yi, an gama lafiya. Zazzaɓi ya sauka, ta fara cin abinci, kanta naɗe da farin bandeji, ta ƙi yarda a nuna mata madubi. Ba zan ɓoye miki ba, likita ya ce kunnen hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na fita bayan ɗaki na yi kukana na share fuska na dawo. Amma na dama yana nan. Ruwa ne ya toshe shi, sun zuƙe, kuma ya ce in rauni ya warke za su gwada mata 'yar na'urar da ake maƙalawa. Sista za ta riƙa duba ta duk zuwan mota. Ta kuma ce in na koma in riƙa zagaya gidaje da makullai a aljihu, ina gwada yaran da iyayensu ke kuka da su.

Jiya wata ma'aikaciya ta turo keken magani ta wuce, ƙafarsa tana ƙara, yarinyar nan ta zabura ta riƙe ni tana zare ido, ta ce, "Mene ne?" Na ce keke ne. Ta bi shi da kallo har ya fita. Baffa yana zuwa kullum da rana, ya durƙusa a gefen gado yana yi mata magana a hankali, ban taɓa sanin yana da ƙaramar murya ba. Ni da shi ba mu tayar da maganar ranar nan ba, kuma ba na jin za mu tayar.

Na faɗa mata kina zuwa. Da mantuwa ta hagu na faɗa, sai ta kama haɓata da hannu biyu ta juyo da ni ɗaya gefen, ta ce, "Ta nan." Na sake faɗa. Akwai kujera ɗaya a gefen damanta, tun lokacin ta hana kowa zama a kai, ko kwano aka ɗora sai ta sa an sauke, ta ce ta Mama ce. Ki yi sauri ki zo, ni da gwiwar nan a tsaye nake wuni.

Yayarki.